Kwamfuta A Kujerar Tankifa

Akwai wata kalma da ta kusa ɓacewa daga bakin yaran yanzu, wato tankifa. Tun zamanin da layin dogo ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma kafa injin gurzar auduga na kamfanin BCGA a garin, duk inda leburori suka taru akan sami wani malami zaune a bakin ƙofa da littafi da alƙalami. Shi ne tankifa. Aikinsa shi ne rubuta sunan kowane ma'aikaci, da lokacin da ya shigo, da lokacin da ya tashi. Da abin da ya rubuta ake biyan lada. In ya yi kuskure tuwon wani gida ya ragu, in kuwa ya yi son zuciya malalaci ya ci gumin mai himma. Saboda haka ake shakkarsa, ko da yake bai taɓa ɗaukar dilar auduga ko ɗaya ba.

A masana'antun duniya na yau kwamfuta ce ta hau kujerar tankifa, kuma abin da take gani ya wuce na bakin ƙofa nesa ba kusa ba. Takan bi aiki har cikin zauren injuna, ta san wanda ya kama aiki kaza, a kan wane inji, minti nawa ya ɗauka, guda nawa suka fito, nawa suka lalace. Manhajojin da ke wannan aiki, wato tsare-tsaren umurnin da ake ɗora wa kwamfuta, sun yi sauƙin samu ƙwarai. Wasu daga cikinsu, kamar ERPNext da Odoo, suna da nau'in da ake ɗauka kyauta, kuma ana iya duba su ta wayar hannu. Ba za a daɗe ba mai gidan bulo a Bunguɗu, da mai injin casar shinkafa a Gusau, da mai shagon ɗinki a Tsafe za su ga ana tallata musu irinsu.

Ya kamata su karɓa, amma da sharaɗi. Duk manhajar da ke rubuta lokacin ma'aikaci ba tare da ta rubuta dalilin da ya tsayar da inji ba, ƙarya za ta riƙa faɗa wa mai ita. A ƙasar da wutar lantarki ba ta zama kuwa, a kan lebura wannan ƙarya za ta ƙare.

Yadda manhajar take bin aiki

Domin a fahimci batun, sai a ɗauki aikin auduga wanda mutanen Zamfara suka gada. Kafin auduga ta zama ƙyalle sai an gurje ta an raba ta da angurya, an shiɓe ta, an kaɗa ta ta zama zare, an saƙa, sannan a rina ko a buga mata zane. Kowace tsohuwar da ta taɓa riƙe mazari ta san wannan jeri. Abin da manhaja take buƙata da farko ke nan, a gaya mata jerin matakan aiki, da wurin da ake yin kowane mataki, da kimanin lokacin da ya kamata ya ci. Na biyu, a gaya mata kayan da ke shiga, wato auduga kilo nawa, rini nawa, sitaci nawa ake bukata domin yadi ɗari.

Idan ciniki ya zo, sai a buɗe takardar umurnin aiki, a ce a saƙa yadi dubu biyar zuwa ranar kaza. Manhaja sai ta farfasa wannan umurni zuwa katunan aiki, kowane mataki da katinsa. Ma'aikacin da ya kama kati zai shaida wa kwamfuta ya fara, ko ta hanyar danna allo, ko ta haska wata lamba mai zanen layuka irin wadda ake gani a jikin kwalin magani, ko ta dangwala yatsa kamar yadda ɗalibai suka saba a wurin jarrabawar JAMB. In ya gama ya sake shaida mata, ya faɗi adadin da ya fito da wanda ya lalace. A manyan masana'antu injin da kansa ke aika labari, domin akan liƙa masa 'yar na'ura mai ƙirga juyinsa. Daga waɗannan bayanai kwamfuta take fitar da abin da littafin tankifa bai taɓa iya fitarwa ba: kuɗin ƙwadagon da ya shiga kowane yadi, da matakin da aiki ke cunkushewa a kansa, da ranar gaskiya da za a iya yi wa mai saye alkawari.

Wannan tsari ya yi doguwar tafiya. A 1888 wani mai gyaran agogo a jihar New York ta Amurka, Willard Bundy, ya ƙera agogon da ke buga lokacin shigar ma'aikaci a kan takarda. Kamfanin da ya tashi daga wannan ƙira yana cikin waɗanda suka haɗu a 1911 suka zama kamfanin da aka raɗa wa suna IBM a 1924. Wato dai ɗaya daga cikin kakannin kwamfuta tankifa ne na ƙarfe. A shekarun 1960 aka fara amfani da kwamfuta wajen lissafin kayan da masana'anta za ta saya, daga farkon shekarun 1990 kuma manhajojin suka sauko daga ofishin akawu suka shiga zauren injuna.

Lissafin gidan bulo

Misali zai fi bayani. A ƙaddara wani gidan bulo a Bunguɗu, inda yashi ba ya wuya saboda gulbi. Mutum biyar ke aiki, awa takwas a yini, wato minti 480. An ware minti 60 na salla da cin abinci, saura 420. Injin nasu mai aiki da lantarki an ƙera shi ya fitar da bulo biyu a kowane minti, saboda haka in komai ya tafi daidai ana sa ran bulo 840. Da yamma maigida ya zo ya ƙirga ya tarar da 378 masu kyau. Bai kai ko rabi ba. Idan abin da manhajarsa ta nuna masa shi ne mutum biyar sun shiga da ƙarfe takwas sun tashi da ƙarfe huɗu, ga kuma bulo 378, hukuncin da zai yanke a fili yake: yaran nan zaman kashe wando suka yi.

To, a sake duba wannan yini da katin da ke da gurbin dalili. Wuta ta ɗauke minti 90. Bel ya tsinke, an yi minti 30 ana gyara. Siminti ya ƙare, an jira mai kura minti 20. Jimla minti 140 inji yana tsaye, ya yi aiki minti 280 kacal, wato kashi biyu cikin uku na lokacinsa. A cikin minti 280 ɗin nan ya kamata a sami bulo 560, amma 420 aka samu, wato kashi 75 cikin ɗari na saurin da aka ƙera shi da shi. Daga cikin 420 kuma 42 sun farfashe, kashi 90 cikin ɗari suka tsira. Idan aka ninka waɗannan kaso uku da juna, kashi biyu cikin uku sau 0.75 sau 0.9, za a sami 0.45. Ɗalibi na iya gwadawa ta wata hanyar, ya raba 378 da 840, amsar ba za ta canja ba. Wannan awo na lokaci da sauri da inganci wani injiniyan Japan mai suna Seiichi Nakajima ne ya yaɗa shi, kuma da shi masana'antu da yawa suke auna lafiyar injunansu.

Abin lura shi ne yadda asarar ta rabu. Bulo 462 aka rasa. Daga ciki 280 sun tafi ne a lokacin da inji yake tsaye, 180 daga cikinsu saboda wuta kaɗai. Babu hannun lebura a nan ko kaɗan, domin ba shi ke riƙe da makunnin lantarki ba, ba shi ya sayi bel mai arha ba, ba shi ya manta da odar siminti ba. Bulo 140 da aka rasa saboda rashin sauri su ne abin bincike. Mai yiwuwa ne akwai lalaci a ciki, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mai yiwuwa ne kuma tulin yashin ne aka zube nesa da inji, kowane baro sai an yi taku arba'in da shi. Su kuma 42 da suka farfashe, sau da yawa tambayar tana komawa ne ga yawan bulon da maigida ya ce a fitar daga buhun siminti ɗaya.

Akwai wani awon da ya fi shafar aljihu. Mutum biyar sau awa takwas awa 40 ke nan na ƙwadago, wato minti 2,400. In aka raba su ga bulo 378, kowane bulo ya ci fiye da minti shida na lokacin mutum. Da a ce injin bai tsaya ba, da wannan saurin da wannan yawan fashewar, da an sami bulo 567, kowane ɗaya ya ci minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. Da wannan lissafi maigida zai iya sanin ko sayen janareta da ajiye bel na biyu za su biya kansu, da kuma cikin wata nawa. In ba shi da lissafin, abin da zai yi shi ne ya daka wa yara tsawa, gobe kuma wuta ta sake ɗaukewa. An bar jaki ana dukan taiki.

Haka kuma lissafin yana tona wata tambaya da ba a cika yi ba: wa ke biyan kuɗin ɗaukewar wuta? In ladan yini ake biya, maigida ne. In kuwa a kan adadin bulo ake biya, kamar yadda aka saba a wurare da yawa, to lebura ne ya zauna minti 90 a rana ba ko sisi, alhali bai isa ya tafi wani aikin ba. Dukansu biyu suna da hujjar da za su kawo, amma ba za a iya sasanta su ba sai an san adadin mintocin.

Hanyoyi biyu da aka gwada

Duniya ta riga ta gwada auna mutum shi kaɗai. Frederick Taylor, injiniyan Amurka da ya wallafa littafinsa kan tafiyar da aiki bisa tsarin kimiyya a 1911, yakan tsaya a kan ma'aikaci da agogon ƙirga daƙiƙa. Bisa ga abin da shi kansa ya rubuta, a kamfanin ƙarfe na Bethlehem ya sa leburan da ke loda tan 12 da rabi na ƙarfe a yini ya koma loda tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Masana tarihi daga baya sun nuna shakka a kan wasu sassan labarin, amma ko a yadda ya ba da shi akwai abin dubawa: aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada kuwa kashi 60 cikin ɗari ya ƙaru. A wannan shekara ta 1911 maƙeran masana'antar makamai ta Watertown suka ajiye aiki saboda an tsaya musu da agogo. Majalisar dokokin Amurka ta binciki lamarin, daga 1915 kuma ta hana amfani da irin wannan agogo a masana'antun soja, hanin da ya ɗauki fiye da shekara talatin.

Ɗaya hanyar daga masaƙa ta fito, abin da ya kamata ya ja hankalin mutumin Gusau. Sakichi Toyoda na Japan ya kammala a 1924 wani injin saƙa wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke. Kafin nan sai an sa mutum ya zura wa kowane inji ido, in ya yi gyangyaɗi a saƙa yadi da yawa masu aibi. Da sabon injin mutum ɗaya na iya kula da injuna masu yawa, kuma kowane tsayawa yana nuna inda matsala take. Wani kamfanin Ingila, Platt Brothers, ya sayi izinin ƙera injin a 1929 a kan fam dubu ɗari. Ɗan Toyoda, Kiichiro, shi ya kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937. Taiichi Ohno, wanda ya fara aikinsa a kamfanin kaɗin zare na gidan Toyoda, ya kai wannan tunani zauren haɗa motoci: aka ba ma'aikaci ikon jan igiya ya kira shugabansa, har ma layi ya tsaya, idan ya ga aibi, a kuma bi dalilin har tushensa. Toyota ma tana auna lokaci, da tsanani kuwa, ma'aikatanta ba hutu suke sha ba. Bambancin shi ne a wurinta tsayawar inji labari ne da ake so a ji, mai kawo shi kuma ba mai laifi ba ne.

Kowace manhajar zamani tana iya zama agogon Taylor ko igiyar Ohno. Wanda ya saita ta shi ke zaɓa.

Abin da masaƙar Gusau ta koyar

Wani zai ce ai lalaci ne ya kashe masana'antun Arewa, don haka sa ido a kan ma'aikata shi ne magani. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Masaƙar Zamfara da aka kafa a Gusau a shekarun 1960, wadda take cikin rukunin kamfanin UNTL, ta ciyar da gidaje masu yawa, ta kuma zama kasuwa ga audugar da manoman Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙasar Zamfara suke nomawa. Ta rufe a shekarun farko na wannan ƙarni, uwar rukunin da ke Kaduna ma ta rufe a 2007. Dalilan da masu masaƙu da ƙungiyar ma'aikatansu suka yi ta nanatawa iri ɗaya ne: rashin tsayayyar wuta, da tsada da ƙarancin baƙin mai da ake hura tukwanen tururi da shi, da atamfofin fasa-ƙwauri masu arha, da tsofaffin injuna, da raguwar auduga mai kyau. Babu ɗaya daga cikinsu da agogon bakin ƙofa zai gani. Kowane ɗaya kuwa zai fito ɓaro-ɓaro a katin da ke da gurbin dalili: awa kaza babu wuta, awa kaza babu mai, awa kaza zare na tsinkewa saboda dattin auduga.

Ba a cewa manhaja za ta hana masaƙar rufewa. Kwamfuta ba ta tsare kan iyaka, ba ta kuma samar da lantarki. Amma mai masana'antar da zai shiga ofishin gwamnati ko na banki ya ajiye takarda mai nuna awannin da ya rasa wata-wata, da abin da suka ci masa a naira, ya fi wanda zai je da kuka kawai. Gani ya kori ji. Da ƙananan masana'antun Gusau hamsin za su riƙe irin wannan lissafi na shekara guda su haɗa shi wuri ɗaya, da sun sami hujjar da za su ajiye a gaban kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Zamfara take ƙarƙashinsa, da hukumar da ke kula da shi.

Haƙƙin wanda ake aunawa

Mai masana'anta yana da gaskiyarsa, kuma bai kamata a rage masa ita ba. Kuɗinsa ya zuba. Akwai ma'aikacin da kan sa abokinsa ya rubuta masa suna alhali yana gida, akwai kuma sunayen bogi da kan shiga takardar albashi. Dangwala yatsa yana maganin wannan. Shi ma ma'aikaci na gari yana da riba, domin awannin da ya ƙara bayan lokacin tashi ba za su ɓace a bakin wani ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi cewa wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa awa takwas a yini da 48 a mako a matsayin ma'aunin aikin masana'antu. Ba a iya tabbatar da an bi ko an karya irin waɗannan ƙa'idoji sai da rubutu.

Sai dai rubutun da ɓangare ɗaya kaɗai ke gani, kuma shi kaɗai ke iya gyarawa, bai zama shaida ba. Tankifan da, duk da ikonsa, ana iya tsayawa a gabansa a yi gardama, a kira waɗanda suka ga shigowar mutum. Kwamfuta ba a gardama da ita, mutane kuma suna da saurin gaskata duk abin da ya fito daga allo. Saboda haka wajibi ne kowane ma'aikaci ya iya ganin awanninsa a ƙarshen mako, a takarda ko a wayarsa, kuma duk gyaran da aka yi wa lissafin manhajar ta ajiye sunan wanda ya yi shi da ranar. Manhajoji masu kyau suna da wannan damar, kunna ta kawai ake yi. Zanen yatsa kuma ba abin wasa ba ne, domin mutum na iya canja lambar sirri amma ba ya canja yatsa. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta sa irin wannan bayani cikin masu buƙatar kulawa ta musamman.

Inda sa ido ke kaiwa in ba a taka masa birki ba, an gan shi a Faransa. A watan Janairu na 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta sanar da cin tarar reshen kamfanin Amazon mai kula da rumbunan kaya yuro miliyan 32, hukuncin da kamfanin bai amince da shi ba. Cikin abin da hukumar ta kafa hujja da shi akwai cewa na'urar hannun ma'aikata tana rubuta duk tsayawar da ta wuce minti goma, tana kuma nuna alama idan mutum ya haska kaya biyu cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da kwata. Mutumin da ya san ana ƙirga masa numfashi haka zai koyi yi wa na'ura wayo. Tela zai bar ƙarfafa ɗinkin hammata domin adadin rigunansa ya cika, mai bulo zai rage dannawa. Adadi ya hau a allo, kaya kuma su dawo daga hannun masu saye.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan yanki. Matsalar tsaro a hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, da ƙauyukan Bunguɗu, ba ɓoyayya ba ce. Yaron shagon da ke zuwa daga ƙauye ba zai kama hanya da duhun asuba ba, wata rana ma dole ya jira sai an ji labarin hanya. Manhajar da aka tsara a wata ƙasa, in aka bar ta yadda ta zo, makara za ta rubuta masa, ta zaftare lada, in abin ya yawaita ta sa sunansa cikin marasa kula. Haka za ta yi wa lokacin sallar Juma'a da sauyin awannin aiki na watan azumi idan ba a gaya mata ba. Gurbin dalili a nan ma shi ne mafita, tare da mutum mai hankali da zai karanta shi kafin a taɓa albashin kowa.

A fara da takarda

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayi kwamfuta kafin a san abin da za a zuba mata. Shagon ɗinki a Tsafe da ya karɓi kwangilar kayan makaranta ɗari uku ba ya buƙatar komai a makon farko sai kwali da biro. A ɗaura wa kowane ƙunshin yadi kati: yanka, haɗawa, wuya da aljihu, maɓalli, guga. A gaban kowane mataki a rubuta wanda ya yi, da lokacin farawa da na gamawa, da abin da ya tsayar da shi in an tsaya. Dalilan kada su wuce shida ko bakwai, kowane da lambarsa, domin wanda hannunsa ke kan keke ba shi da lokacin dogon rubutu: 1 wuta, 2 lalacewar keke, 3 jiran kaya, 4 jiran mataki na baya, 5 gyaran kuskure, 6 hanya. Bayan mako biyu mai shago zai iya gano, alal misali, cewa teloli huɗu suna zaman jiran mai yanka ɗaya. Idan kati ya zauna a hannun mutane, shigar da shi kwamfuta aikin yini ɗaya ne. Idan bai zauna ba, kwamfuta za ta tara shirme ne kawai cikin sauri.

Mutanen Zamfara suna da wani dalilin na riƙe takarda. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya da intanet a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni a haka, wasu ƙananan hukumomi ma fiye. Duk masana'antar da lissafinta yake ajiye a wata kwamfuta ta nesa, wadda sai da intanet ake isa gare ta, da ta wayi gari ba ta san awannin kowa ba ranar biyan albashi. Wanda zai zaɓi manhaja a wannan yanki ya fara tambayar mai tallar ko tana aiki ba tare da layi ba, da kuma ko ana iya fitar da bayanan a buga su a takarda.

Malaman lissafi da na fasaha a makarantun sakandare suna da dama a nan wadda ba ta cin ko kwabo. Darasin kaso da na ɗigo, wanda ɗalibai kan ɗauka ba shi da amfani a waje, shi ne gaba ɗayan lissafin gidan bulon nan. Ana iya tura ɗalibai uku-uku, da izinin masu wurin da na ma'aikatan, su zauna awa biyu a wurin mai niƙa, ko gidan burodi, ko shagon walda na unguwa, ɗaya na riƙe da agogo, ɗaya na ƙirga abin da ya fito, na uku yana rubuta dalilin kowane tsayawa. Kada a rubuta sunan kowa, inji ake bi. A dawo aji a fitar da kaso ukun a ninka su. Waɗanda suka ci gaba zuwa Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko kwalejojin fasaha na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, su ne za a kira gobe su saita wa masana'antun jihar waɗannan manhajoji, su fassara allunansu zuwa Hausa, su kuma yanke shawarar ko gurbin dalili zai zama na tilas ne kafin a rufe kati ko kuwa wanda ake iya tsallakewa.